Mai Amsa Na Huɗu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

An ɗaure igiya a Mashigin Kanya. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Shuɗiyar igiya irin ta shanya, daga jikin kanyar zuwa wani turke, ga allo an rubuta wai hukuma ta dakatar da kamun kifi da ɗiban yashi a wurin har sai an gama bincike. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona, na san "har sai" ɗin hukuma. Akwai wanda aka yi mana a kan wata madatsa tun kaina baƙi, har yau ana nan ana "sai".

Jirage ashirin da 'yan kai a kife bisa yashi kamar ƙoren da aka wanke. Masunta a tsaye. Na yi sallama aka amsa mini a taƙaice, ba "ya zafi", ba "ya iyali". Halliru ma, taubashina, ɗan kawuna, wanda tun muna yara bai taɓa barina na wuce ba sai ya ce "ga bawan gidanmu", yau duƙar da kai ya yi yana cire ƙaya daga komarsa.

Matata Safiyatu ta ce in ci abinci. Na ci.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin ya faro.

Bara da kaka wata Dakta Lubna ta zo daga wata cibiyar bincike a Kano. Binciken nata a kan yarda ne: mutanen bakin kogi wa suka fi yarda da shi a sha'anin ruwa, hukuma, ko shugabanninsu, ko junansu, kuma in kifi ya ƙare asarar wa aka yi. Tana neman wanda masunta suka sani, aka nuna mata ni, don tsohon da ya ajiye aiki tabarma ne, kowa ya zo sai ya shimfiɗa. Ni ba masunci ba ne, uwata ce 'yar gidan ruwa, amma sun saba da ni.

Ni na tsaya gabansu a gindin kanya na ce ba suna, ba hoto, lamba kawai za a sa wa kowa. Na dafa ƙirji na ce in maganar wani ta fita da sunansa a kama ni. Ita tana cikin rumfa da 'yar na'urarta, mutum ɗaya ke shiga, ni ina waje ina kira. Mutum ashirin da uku, kwana biyu. Abin da suka faɗa mata ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Makon jiya aka yi taro a Kano aka raba takarda mai shafi biyu. Magaji Ja'afar, shugaban mashigin, bai je ba, ɗansa Bilya ya wakilce shi, shi ya dawo da ita. A tsakiyar shafin farko an zagaye maganar mutum ɗaya. Ba zan kwafe ta yau ba.

Dakta dai ta cika alkawari. Ba suna. "Mai amsa na huɗu, masunci." Shi ke nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu, Azahar

Ba a cire igiya ba. Zafi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Ranar kasuwa, ga matan da ke suya a bakin gada suna soya kifin kwali. A Wudil! Matafiya na ci suna cewa kifin Wudil ya fi na ko'ina.

Ga maganar da aka zagaye a takardar: "Gurbin da kakanninmu suka haramta wa koma, yau injin yashi ne ke kwana a bakinsa. Wanda aka ba tsaron rumbu shi ya ara wa ɓera tsani."

Gurbin Kanya ke nan, zurfin da kifi ke zuba ƙwai, wanda ba a jefa masa koma daga ruwan farko har sai Magaji ya buɗe shi. Mai tsaron rumbu kuwa, ko jaki ya san wa ake nufi.

To ta yaya aka san na huɗu? Dakta tana ba da lamba ne yadda mutane suka shigo mata. Ni kuma mai kira, ina zan kira ƙane ya shiga gaban wa? Na kira Magaji. Na kira Malam Yelwa. Na kira Garzali. Na kira Halliru. Haka har ƙasa, girma bayan girma, da murya mai ƙarfi, ina jin daɗin kaina wai na iya ladabi. Kowane mutum a mashigin nan ya san wurinsa a wannan layi tun kafin ya iya riƙe filafili.

Magaji ya sa ranar zama, Asabar ta sama ta sama, ashirin da shida ga wata. Maganar ɗaga jirgi za a yi. A jawo jirgin mutum daga bakin ruwa a kife shi bisa tudu, daga ranar shi da 'ya'yansa ba su ƙara shiga ruwa a nan. Sau ɗaya na taɓa gani, ina ɗan shekara tara. Mutumin ya ƙare yana faskare a Utai.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Na je gidan Halliru. Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin koma, komar da ba inda za ta.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam. Malam Dalhatu ne? Bismillah."

Malam Dalhatu. Shekara sittin da bakwai ina duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Muka gaisa gaisuwar baƙi, ya gida, ya zafi, ya ƙarfin jiki, duk muka bi ta har ƙarshe, ba wanda ya tsallake ko ɗaya.

Na ce, "Kai ɗan kawu, yau ba bawa?"

Ya ce, "An 'yanta ka."

Na yi dariya ni kaɗai. Can na ce, "Halliru, kai ka faɗa?"

Ya ajiye allurar ya dube ni. "Kai ka ce mana ba mai tambayar wa ya faɗi me. To ga shi, duk garin nan zagina ake a bayan ido, kai ne na farko da ya tambaye ni baki da baki."

Matarsa ta aiko da ruwa. Na sha, na tashi.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

Na kira Dakta. Ba ta san da igiya ba. Ta yi salati sau uku. Za ta zo Alhamis.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan Azahar

Akwai abin da na tsallake ranar Laraba, na kuma tsallake shi ranar Juma'a. Littafi nawa ne, ban san wa nake ɓoye wa ba.

Ranar da Bilya ya dawo daga Kano, kafin kowa ya ga takardar, ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidana ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, "Baba, ana ta yabon aikinku a Kano. Wai ni, lokacin da kuka kira mutane, a jere kuka kira su ko?" Na ce, "A jere mana. Ni zan saɓa girma?" Har na lissafa masa su da yatsu. Ya ce Allah ya ƙara girma, ya hau babur.

Yau na gaya wa Safiyatu. Ba ta daina tankaɗe ba.

"Malam, ai kai ko awaki aka kawo maka sai ka tambayi wacce ta girmi wacce."

"Ladabi laifi ne?"

"Ni na ce laifi ne? Ka je ka gaya wa matar Halliru ladabi ne. Jiya a rijiya ba wadda ta karɓi guganta."

Ba a cire igiya ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan La'asar

Dakta ta zo. Ban kai ta mashigi ba, a zaurena muka zauna. Idonta ya nuna ba ta yi barci ba.

Ta ce su ba su nemi a rufe ruwa ba. Shawararsu ita ce a janye injin daga gurbi, a bar masunta su tsare wurinsu kamar dā, don binciken ya nuna dokar da mutane suka yi wa kansu ta fi ɗorewa a kan wadda aka kawo musu a mota. Na ce 'yata, janye inji sai an yi faɗa da mai inji, igiya kuwa ba ta da dangi.

Ta ce kuskuren nata ne, kamata ya yi ta cakuɗa lambobin, ba ta san a jeren girma aka shigo mata ba. Na ce to ga mafita, ki zo ranar zama ki ce na'ura ta cakuɗa su, na huɗu ba na huɗu ba ne.

"Baba, ba zan iya ba."

"Ƙarya ɗaya, Dakta, 'yar ƙarama, don jirgin mutum."

"In na ce ba Halliru ba ne, sai su tambaya wane ne. Sai in sauke wa wani."

Ta fi ni gaskiya, kuma ba na son hakan daga yarinyar da na girme wa ubanta.

Na ce me ya sa duk cikin mutum ashirin da uku shi kaɗai kika zaɓa ki rataya? Sai ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, "Ba shi kaɗai ya faɗa ba, Baba. Goma sha bakwai ne. Shi dai ya fi su iya faɗa."

Goma sha bakwai.

Na ce to me ya hana ki rubuta haka? Ta ce a gari mai mutum dubu, goma sha bakwai lissafi ne, amma a mashigi mai ashirin da uku, goma sha bakwai suna ne. Don ta kare su ta ɓoye. Ta ce bakinta ne ya kubce, ta roƙe ni kada ya wuce zauren nan. Na ce na ji.

"Baba, 'na ji', ko 'na yi alkawari'?"

Na yi alkawari. Ban dafa ƙirji ba wannan karon.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Ina sahu ina kallon ƙeyoyi. Wannan yana ciki? Wancan fa? Allah ya karɓi sallar da tausayinsa, don ni ban san me liman ya karanta ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

An yanka komar Halliru inda ya shanya ta, wuri huɗu. Huɗu. Mai yankan ya san lissafi.

Na bi ta majalisar masunta. Garzali ne ke da baki, shi da ya shiga rumfar Dakta gab da Halliru ya daɗe a ciki har na fara tunanin ko barci ya yi. Yana cewa, "Mutum ya je ya sayar da mu ga 'yan boko da karin magana! Gidana kwana goma sha uku miya ba kifi. Gidan masunci! Wallahi da hannuna zan ja jirgin nan."

Da ya gan ni ya ce, "A'a, ga mai kira. Malam, yau ba a jera mu?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don tsoho in bai yi dariya ba sai a ce ya ji haushi.

Gaskiyarsa ɗaya, yunwar ba ƙarya ba ce. Malam Yelwa ya kai akuyar matarsa kasuwa ranar Juma'a. Wasu samarin sun tafi lodin yashi can sama da gada.

Talata, 22 ga Afrilu, Magariba ta kusa

Hadari ya haɗo ta gabas ya watse. Ruwan farko ya kusa. Kifi zai hau gurbi ya tarar da rami.

Kakata tana da wata tatsuniya ta mutumin da zai haye kogi da ajiya biyu, gishirin wani a ka, tsohon wani a baya. Ruwa ya kai masa wuya. In ya ɗaga tsoho gishiri ya narke, in ya ɗaga gishiri tsoho ya nutse. Muna tambaya to sai ya yi yaya, Iya? Ita kuwa kullum daidai nan gyangyaɗi ke ɗauke ta. Dā na ɗauka tsufa ne. Yanzu na gane wayo ne.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Azahar

Na je wurin Magaji. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo fura.

Na ce, "Allah ya ja zamanin Magaji, laifin nan nawa ne. Ni na ce su saki jiki, ni na jera su. In hukunci ne a yi mini."

Ya ce, "Kai kana da jirgi ne, Malam?"

Na ce a'a.

"To me zan ɗaga maka? Alƙalami?" Ya yi murmushi kaɗan, sannan ya daina. "Shekara ashirin da biyu ina riƙe da mashigin nan. Da Halliru ya zo nan ya faɗa mini a fuskata, da na ji zafi na haɗiye. Amma a karanta ni a Kano gaban baƙi, ɗana yana zaune, ana dariya wai ɓera da tsani? Mutum ɗaya ne ya ɓata ruwan nan. Sauran duk sun zo sun yi mini jaje, ɗaya bayan ɗaya. Jama'ata na tare da ni."

Na ajiye furar.

Ban tambaye shi batun inji ba. Da zan fita na ga wani abu a bayan zaurensa an lulluɓe da tamfol, bakin tiyo ya leƙo ta ƙasa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Gobe. Na yi alkawari. Na yi alkawari sau biyu, matsalar ke nan.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan La'asar



An zauna a gindin kanya, igiya a bayansu, kowa a wurinsa. Ni ba ni da baki a zaman masu ruwa, na raɓa a gefe. Magaji ya buɗe da addu'a, ya tambayi Halliru ko shi ne. Halliru bai tashi ba. Ya ce, "Ni ne. Ban ce a ɗaure igiya ba, amma na faɗa, kuma ban janye ba."

Sai magana ta bi layi. Malam Yelwa ya ce a ɗaga, idonsa a ƙasa. Garzali ya ce a ɗaga, har da nuna yatsa. Aka tsallake Halliru. Na biyar, a ɗaga. Na shida, a ɗaga. Ina jin su ina ƙirgawa. Da masu cewa a ɗaga suka kai bakwai na san tabbas wani ya riga ya yanke wa Halliru hukunci a kan maganar da shi ma ya faɗa. Aka bi har ƙasa, ba wanda ya saɓa. Garzali da wasu biyu suka naɗe wando suka nufi jirgin. 'Ya'yan Halliru biyu na tsaye daga nesa, babban ya juya baya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙarya nake. Na sani.

"Magaji, a ba baƙo izinin kalma ɗaya."

"Kai ka kawo ta, Malam. Faɗi."

Na ce, "Mutum ashirin da uku na kira cikin rumfar nan. Goma sha bakwai sun faɗi abin da Halliru ya faɗa. Ban san sunayensu ba, amma suna zaune a nan. In jirgi za a ɗaga, a ƙaro majiya ƙarfi, don goma sha bakwai ne."

Garzali ya ce, "Ƙarya ne!" Sau ɗaya. Ya waiga neman mai tayawa, bai samu ba.

Magaji ya bi layin da ido, a hankali, fuska bayan fuska. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido sai Halliru. Can ya ce, "Malam, ashirin da ukun nan har da ni?"

Na ce har da kai.

Ya ce, "To saura biyar ke nan."

Ya ɗauki takalminsa a hannu ya tafi, bai rufe zama da addu'a ba. Jama'a suka watse ɗaiɗai, kowa ta hanyarsa, har waɗanda gidansu ɗaya. Jirgin Halliru yana inda yake.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Na kira Dakta na gaya mata da bakina kafin ta ji a wani wuri. Sai ta ce:

"Baba, watan gobe zan je Dagumawa da irin tambayoyin nan. Wa zai buɗe mini baki?"

Ta ce Allah ya ba mu alheri, ta kashe.

Halliru ya zo, bai shigo ba, daga ƙofa ya tsaya.

"Ni na faɗi tawa na tsaya a kanta. Su sha shidan nan sun faɗa ne don ka dafa ƙirji. Wa ya ba ka su?"

"Jirginka fa, Halliru? 'Ya'yanka fa?"

"Jirgina yana nan," ya ce. "Na gode."

An sha zagina a duniya, ban taɓa jin wanda ya kai wannan godiya nauyi ba.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan La'asar

Jiya da safe wata mota ta ɗauke abin da ke ƙarƙashin tamfol a gidan Magaji. Ba wanda ya tambayi inda ta nufa.

Matar Halliru ta gaya wa Safiyatu cewa Magaji ya aika kiransa. Gobe za su Kano su biyu neman a buɗe ruwa kafin damina ta sauka. Wai Bilya ya ce, Baba, duk mutanen nan ka rasa abokin tafiya sai shi? Magaji ya ce, duk mashigin nan Halliru kaɗai na san abin da ke cikinsa.

Ni kuma na bi ta majalisa ɗazu, ana hira, da na yi sallama aka koma maganar zafi. Ban zauna ba. Ina jin haka za ta kasance har in bar duniya, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga ƙofar gidana ana hango zauren Magaji. Tun ranar Lahadi mutane ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba gabas ya duba yamma ya shige, ya rantse masa cewa shi yana cikin biyar ɗin nan. Zuwa la'asar ɗin nan sun kai goma sha huɗu. Garzali ya je sau biyu.